Manajan da Ya Yi Wa Tsabar Kuɗi Saki Uku

Akwai mutanen da ake aiko wa gari don su amfane shi, akwai kuma waɗanda ake aikowa don garin ya gane bai cancance su ba. Babban Manajan otal ɗin nan na bakin titi, wanda ke kallon gidan mai, yana cikin kashi na biyu. Shi ma ya san haka, kuma yana haƙuri da mu.

Mutum ne mai cikar zati da cikar ciki. Kwat yake sawa ko da rana na narka kwalta. Turarensa yakan riga shi shiga ɗaki, kuma in ya fita turaren yakan tsaya ya ƙarasa taron. Ba ya tafiya sai kamar ana ɗaukarsa hoto, ba ya dariya sai ya fara duba wanda ke wurin. A bangon ofishinsa akwai takardun shaida jere cikin gilashi, kowacce tana tabbatar da cewa ya halarci wani taro. Ba su faɗi abin da ya koyo ba, don takarda tana da kunya.

Mahassada suna cewa ya sami kujerar ne saboda yana auren 'yar mai otal. Wannan ƙage ne. Cancanta ce ta ba shi, sai dai cancantar tasa ba ta fito fili ba sai bayan ɗaurin aure.

Mai otal ɗin, Hajiya, surukarsa ke nan, ta fara ne da rumfar sayar wa direbobi abinci a daidai wurin da benen yake a yau. Da tukunya da ludayi ta tada shi, ɗaki bayan ɗaki, har ya zama inda baƙi ke sauka suna ba 'yan uwansu labari. Daga cikinsa ake ciyar da gidanta, da marayun babban ɗanta, da ma'aikatan da wasunsu sun yi furfura a wurin. Da ciwon gwiwa ya zaunar da ita, sai ta miƙa wa surukin nata ragama. Ya karɓa cikin tawali'u, ya sa aka canza kujerar da wadda take juyawa.

Abin da ya same mu ya faro ne daga wani taron masu otal da ya je a ƙasar waje. Ba a san abin da aka tattauna ba, domin Manaja mutum ne da yake yin tunani mai zurfi da ido a rufe. Amma a lokacin hutu ya je shan shayi, sai ya ga wani ya ɗora ɗan kati a kan na'ura, ta yi ƙara ƙit, aka miƙo masa kofi. Ba a ba da kuɗi ba, ba a nemi canji ba. Manaja ya tsaya baki buɗe. Wani saurayi mai santsin harshe, wakilin kamfanin da ke sayar da na'urorin, ya lura da bakin, ya matso.

"Yallaɓai, tun daga nesa na ga fuskar mai hangen nesa," in ji shi.

Manaja ya daɗe yana zargin haka game da fuskarsa. Kafin shayin ya huce sun gama ciniki.

Da ya dawo ya tara ma'aikata a babban zaure, tun daga akanta har masu wanki. Ya hau mumbari, ya gyara laktaye, ya dube su da irin tausayin da likita ke duban wanda bai san yana da cuta ba.

"'Ya'yana," ya ce, alhali Baba Kuku mai girki da ke gaba ya isa ya haife shi, "na je na ga gobe da idona. Gobe ba ta da aljihu. Kun taɓa tambayar kanku hannu nawa takardar kuɗi ta bi kafin ta iso gare ku? Mahauci ya taɓa, mai mura ya taɓa, wata ta cusa a zani. Wannan ba dukiya ba ce, annoba ce mai hoto. Don haka ku zama shaida. Daga yau ni da wannan otal mun yi wa tsabar kuɗi saki uku, babu kome."

Ya zura hannu a aljihu, ya zaro duk abin da ke ciki, ya jefa a kwandon shara, ya goge yatsunsa da hankici. Aka yi tafi. Tun da aka gina otal ɗin ba a taɓa ganin ma'aikata sun yi rige-rigen fitar da shara irin na ranar ba.

Ba a jima ba masu haɗa waya suka cika gidan. Aka manna na'ura a ƙofar kowane ɗaki. Aka manna a ɗakin cin abinci, da sito, da firji, da injin shayi. Wakilin kamfani ya ce iyakar abin da aka saba ke nan, Manaja ya ce saba ai aikin talakawan tunani ne, a manna har a ƙofar banɗaki. Aka manna. Duk inda ka juya sai ka ga ɗan akwati baƙi yana kallonka da jan ido, yana jiran ka goga kati ya koma kore.

Wakilin kamfanin, duk da santsin bakinsa, yana da sauran imani. Ya ce, "Yallaɓai, a bar makullan hannu a ajiye. Na'urorin nan da intanet suke aiki, in sabis ya ɗauke sukan yi taurin kai."

"Wanda ya ɓoye tsohon makulli bai yarda da sabo ba," in ji Manaja. "Ni ba na shiga gobe da ƙafa ɗaya."

Ya sa aka tattara makullan gidan kaf, aka kai wa maƙeri ya narka, aka ƙera masa allon girmamawa mai ɗauke da muƙaminsa. Ya karɓi allon daga hannun kansa a wani ɗan ƙwarya-ƙwaryar biki, kuma waɗanda suka halarta sun ce abin ya taɓa shi ƙwarai.

Katunan launi uku ne. Na ma'aikata ruwan toka, na baƙi shuɗi, sai guda ɗaya tak ruwan zinariya. Wannan yana da hoton mai shi gaba da baya, domin ko ya faɗi ta wace fuska, a ga wanda ya kamata a gani. Manaja ya rataya shi a wuya da jan zare, yana lilo a kan tumbi. In an gaishe shi sai ya ce, "Ka goga?" In an kawo ƙara sai ya ce, "Je ka goga." Ma'aikata suka sa masa suna Goga. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi, ya ce ashe yaran nan sun san gogaggen mutum in sun gan shi.

Dole a yi wa Goga adalci: tsarin ya kawo sauyi. Baba Kuku, wanda yake girki tun zamanin rumfa, yanzu sai ya goga kati kafin ya ɗebi gishiri. Katinsa kullum cikin maiƙo yake, na'urar sito kuwa mai ƙyanƙyami ce. Sai baƙi suka fara cin shinkafa salam. Goga ya sa aka rubuta a jerin abinci cewa otal ɗin ya koma girkin kula da hawan jini, aka ɗan ƙara farashi.

Baƙo in ya sauka, sai ya fara sayen shuɗin kati, ya zuba masa kuɗi daga katin bankinsa, a cire ladan zubawa. In ya ci abinci a cire ladan gogawa. In zai tafi ya bar saura a ciki, ba a mayar masa, sai a yi masa albishir cewa sauran yana nan yana jiransa har abada. Wani baƙo ya leƙo da safe daga shi sai tawul don ya ɗauki takalminsa, iska ta turo ƙofa, katin yana ciki. Ya yi hantsi a barandar bene yana gaisawa da jama'a. Goga ya wuce ya gan shi, ya yaba da yadda baƙi suke sakin jiki kamar a gidajensu.

Ma'aikata kuma an ƙayyade wa kowa shayinsa da abincinsa da shigarsa banɗaki. Wanda cikinsa ya ɓaci ya ƙarar da rabonsa kafin azahar, sai ya nemi aron kati wurin abokin aiki mai ƙarfin hali. Tukuicin da baƙi kan damƙa wa masu kai abinci da masu ɗaukar jaka shi ma an wayar da shi. Yanzu ta na'ura ake bayarwa, ya shige asusun otal, za a raba in kwamiti ya zauna. Shugaban kwamitin Goga ne, kuma ayyuka sun yi masa yawa. Wata mai kai abinci, wadda da tukuicin nan take riƙe da 'ya'yanta a makaranta tun rasuwar mijinta, ta jure wata biyu, sannan ta ajiye katinta a kan tebur ta tafi ƙaramin masaukin da ke bayan gidan mai. Wasu suka bi ta.

"Ba tafiya suka yi ba," in ji Goga. "Zamani ne ya tace su."

Da kaka ta yi, sai ga dillalan hatsi. Waɗannan su ne ƙashin bayan otal ɗin. Duk shekara sukan zo su kama ɗakuna gaba ɗaya, su yi makonni suna ciniki, su ci, su sha, su yi kyauta. Shugabansu wani dattijo ne mai farin gemu, wanda tun yana yaron mota yake cin abinci a rumfar Hajiya. Ya shigo da mutanensa, ya ɗora jaka a kan kanta, ya zuge. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta dubi jakar, ta dubi na'ura, ta aika a kira Manaja.

Goga ya sauko a hankali, don a sami damar kallonsa.

"Ɗana, ga mu kamar kullum," in ji dattijon. "Ga na ɗakuna, ga na abinci. A ba yaran nan wuri su huta."

"Alhaji, ni ban ga kuɗi a nan ba. Takardu na gani."

"To ai takardun nan ne suka gina benen da ka sauko daga kansa."

"Shi ya sa muke ta gyare-gyare," in ji Goga. "Ku je banki ku zuba, a ba ku kati, ku dawo ku sayi namu katin, ku juye daga wancan zuwa wannan. Abu ne mai sauƙi. Ko yaro zai iya."

Dattijon ya dube shi daga laktaye har takalmi. Ya zuge jakarsa a natse. "A gaida Hajiya da jiki," ya ce.

Suka fita a jere, suka tsallaka titi, suka nufi ƙaramin masaukin nan. Goga ya hau ofis ya tsaya a taga yana kallon yadda suka yi cincirindo a ƙofar maƙwabci. Ya kira akanta ya nuna masa. "Dubi layi, dubi turereniya. Yanzu juyo ka dubi namu zauren. Ko mutum ɗaya ba ya jira. Wannan shi ake kira ci gaba."

Akanta ya juya ya duba. Gaskiya ne, ko mutum ɗaya ba ya jira.

A gida ma bai yi rowar haskensa ba. Ya kawo wa maiɗakinsa kati ya ce daga yau da shi za a riƙa cefane.

"Abban yara, mai kayan miya ba shi da na'ura," ta ce.

"A canza mai kayan miya."

"Mai gyaran famfo fa? Da wanzaminka? Da mai goge maka takalmi?"

"Ni ban taɓa ba su takarda ba."

Wannan gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Tun ranar sakin, hannun Goga bai sake taɓa tsabar kuɗi ba. Direbansa ne yake taɓa masa. Kullum da safe matar takan damƙa wa direban abin da zai isa, shi kuma ya bi maigida a baya yana sallamar duniya, maigida yana gaba yana mamakin yadda rayuwa ta yi sauƙi ba tare da kuɗi ba.

Ranar dai matar ba ta yi dariya ba. Ta ajiye katin a kan tebur ta ce, "Inna ta kira ni. Ta ce an gaya mata ɗakin girki ya yi shiru, kuma dillalan hatsi sun sauka a wani wuri. Ka san daga gidan nan ake biya wa 'ya'yan Yaya makaranta. In ya durƙushe ba kai kaɗai zai danne ba."

"Hajiya mutuniyar jiya ce, Allah Ya ƙara mata lafiya," in ji Goga. "Ki ce ta zo bikin ƙaddamarwa. Zan ajiye mata kujera a gaba, ta ga abin da rumfarta ta zama a hannun ilimi."

An yi shirin bikin kamar za a naɗa sarki. Aka gayyato manyan banki, da masu otal-otal, da 'yan jarida. Aka shimfiɗa jan kafet tun daga bakin titi, aka tokare babbar ƙofa da tukunyar fure don manyan baƙi su shigo ba wahala. A takardar gayyata an roƙi kowa ya bar tsabar kuɗi a gida don girmama ranar. Baba Kuku da sauran waɗanda zamani bai tace ba suka dafa kaji da kifi da shinkafa, aka jera a ɗakin cin abinci, aka ja ƙofar gilashi aka rufe. Tsarin shi ne, in Goga ya gama jawabi, zai ɗaga katin zinariya ya goga, ƙofa ta buɗe, tarihi ya shiga ya ci abinci. Direba kuma aka aike shi ɗauko masu kiɗa daga wata unguwa mai nisa.

Hajiya ta zo da sandarta, aka zaunar da ita a gaba. Ta dai riƙa bin bango da kallo tana ganin baƙaƙen akwatuna.

Goga ya hau mumbari da hantsi. Ya lura a ƙasar waje cewa manyan masu jawabi sukan tsaya su kurɓi ruwa don magana ta shiga, saboda haka ya sa aka ajiye masa babban tulu na gilashi. Ya fara daga zamanin da ake musayar akuya da gero. Ya kurɓa. Ya bi ta kan wuri da azurfa. Ya kurɓa. Ya kwatanta kansa da wanda ya ƙirƙiro taya, ya nuna inda ya fi shi. Ya kurɓa, aka sake cika tulun.

"Tarihi zai tambaya," ya ce, "wa ya fara? Ba na son in amsa, saboda kunya. Amma tarihi ya san ofishina."

Rana ta take, cikin jama'a ya fara kuka, ƙanshin kaza yana zagayowa ta ƙarƙashin ƙofa. A ƙarshe ya sauko, 'yan jarida suka ɗaga kyamarori, ya cire katin daga wuya, ya nuna wa gabas, ya nuna wa yamma, ya goga.

Na'ura ta dube shi da jan ido.

Ya yi murmushi, ya goge katin a hannun kwat, ya sake gogawa. Ja. Ya juya ɗaya hoton. Ja. Wakilin kamfani ya matso da waya a kunne, gumi yana bin wuyansa, ya raɗa masa cewa masu aikin titi sun tsinke babbar wayar intanet ta unguwar, kuma ba a san lokacin gyara ba. Ya ƙara da tambaya, a hankali, ko akwai makullin hannu ko guda ɗaya da ya tsira.

Ƙaramin mutum da ya rikice. Goga ya koma mumbari ya ce wannan dama ce ta yin ƙarin bayani. Ya ci gaba. Manyan banki suna kallon kaji ta gilashi, kaji suna kallonsu. Ya kai tsakiyar bayani a kan makomar ɗan Adam sai tulun nan ya fara neman hakkinsa.

Da farko ya ɗan canza tsayuwa. Sai ya harɗe ƙafa. Sai ya fara wani ɗan rangaji da wasu suka ɗauka salon jawabi ne na ƙasar waje. Muryarsa ta sirance. Ya yanke makomar ɗan Adam a tsakiyar jimla, ya ce yana zuwa, ya sauka da sauri irin wanda ba a taɓa gani a jikinsa ba.

'Yan jarida suka ɗauka zagayen gani da ido aka fara, suka bi shi. Ya je banɗakin ofishinsa ya goga, ja. Suka ɗauki hoto. Ya gangara na baƙi, ja. Suka ɗauki hoto. Ya zagaya ta baya zuwa na ma'aikata, inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ja. Wani ɗan jarida ya tambaye shi ko zai ce wani abu game da ingancin tsaron ƙofofin. Ya bi jan kafet da ɗan gudu, gwiwoyi a haɗe, ya fice, ya tsallaka titi ba tare da ya duba mota ba.

A gefen gidan mai akwai banɗakin haya. Wata mata ce ke tsaronsa, ƙatuwa, tana zaune a kan benci ta tare ƙofa, da gwangwanin sulalla a cinya.

"Biya kafin shiga," ta ce.

"Baiwar Allah, kin san ko ni wane ne?"

"Na sani mana, yallaɓai. Ai kai ne ka buɗe mini kasuwa. Ma'aikatanka duk nan suke zuwa, kullum ina sa maka albarka."

Ya miƙa mata katin zinariya. Ta karɓa, ta duba gaba, ta duba baya. "Ka yi kyau a nan," ta ce, ta mayar masa. "Biya kafin shiga."

Ya waiga neman direba, direba yana can yana loda ganguna. Ya dubi 'yan jarida, suka shafa aljihu suka tuna masa abin da takardar gayyata ta ce. Manyan bankin da suka biyo baya su ma sun girmama ranar. Mutum ya kai ashirin a tsaye, kowa da kati, babu mai abin da zai buɗe ƙofar langa-langa. Goga ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya koma ɗayar, idonsa ya kawo ruwa.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan kwalta. Hajiya ce ta tsallako a hankali, jama'a suna darewa. Ba ta dubi surukin nata ba, don akwai kunya a tsakani. Ta tsaya gaban matar, ta kwance bakin mayafinta, ta zuba 'yan sulalla a gwangwani.

"Ki bar shi ya shiga, 'yar nan. Mijin 'yata ne." Ta ɗaure mayafin, sannan ta ƙara, "Ki riƙe canjin. Ya sha ruwa da yawa, ƙila ya dawo."

Da la'asar kafinta ya ɓalle ƙofar ɗakin cin abinci. Kafin nan manyan baƙi sun watse, yawancinsu sun ci abinci a ƙaramin masaukin bayan gidan mai, inda tsohuwar ma'aikaciyar otal ɗin ta kai musu da hannunta. Washegari jaridu suka fito da hoton Babban Manaja a tsaye da ƙafa ɗaya. Ya sa aka yanko masa, yana cewa ba kowa ake sawa a shafin farko ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan suruki ba, kuma ba ta fara ranar ba. Bayan 'yan kwanaki ta sa aka kai ta otal, ta zauna a tsohuwar kujerar da aka jefar a sito, ta aika a kira shi.

"Ɗana, na yi tunani," ta ce, tana kallon sandarta. "Gidan nan ya yi wa kanka kaɗan. Mutum irinka bai kamata a ɓata shi da lissafin tawul da gishiri ba. Na ɗaga ka. Daga yau kai ne Babban Mai Ba da Shawara Kan Al'amuran Gobe. Daga gida za ka riƙa aiki, inda babu hayaniya. Matarka za ta riƙe mana na yau."

Goga ya sunkuyar da kai ya ce dama ya daɗe yana jin cewa ana buƙatarsa a sama.

Matar ta kama aiki a makon. Ta sa aka cire na'urorin banɗaki da na sito, aka yanko sababbin makullai. Ta bar guda a kantar karɓar baƙi da guda a ɗakin cin abinci, mai kati ya goga, mai tsaba ya miƙa. Tukuici ya koma tafin hannun mai shi. Gishiri ya koma miya. Ta je da kanta ta ba shugaban dillalan hatsi haƙuri, ya karɓe ta da mutunci, ya ce bana sun riga sun saba da inda suke, a bari a ga baɗi. Mai kai abincin nan ba ta dawo ba. Hawa na sama ya zauna a rufe har ƙarshen shekara, kuma marayun sun koma makarantar da ta fi araha.

Amma ba a sallami Goga hannu wofi ba. An yi masa walimar ƙarin girma a babban zaure, ya yi jawabi, wannan karon ba ruwa a kusa. A ƙarshe Hajiya ta sa aka miƙa masa wani sabon kati da aka buga musamman dominsa, baƙi wuluk mai bakin azurfa, hotonsa ya cika shi har ba wurin rubutu. Aka ce masa babu irinsa a duk gidan, kuma ƙofa ɗaya tak aka ware masa, wadda ba ya tarayya da kowa a kanta. Ma'aikata suka yi layi biyu suka raka shi har wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a katangar baya. Ya ɗaga katin, ya nuna wa gabas, ya nuna wa yamma, ya goga. Na'ura ta yi ƙit, ta koma kore shar. Ƙofa ta buɗe, ya taka cikin ƙasaita ya fita, ta rufe kanta a bayansa.

Har yau in ka same shi a wurin wanzami zai zaro katin ya nuna maka, ya ce a duk katunan da aka taɓa bugawa a otal ɗin, wannan ne kaɗai bai taɓa ba shi kunya ba, gogawa ɗaya ya buɗe. Kuma gaskiya ya faɗa. Ta waje ne dai ba a manna na'ura ba.